Tsutsar Saiwa: Magani Yana Gonarmu, Awo Ne Ya Rage Mana

A ranin da ya wuce na kai ɗalibaina wani lambu da ke gefen madatsar ruwa domin su ga yadda ake noman tumatir. Mai lambun dattijo ne da ya shekara fiye da 30 a wannan sana'a. Bayan mun gaisa sai ya ja mu zuwa wasu fangula inda tumatirin ya tsumbure, ganyensa ya yi rawaya, kuma da rana ta take sai ya yi laushi ya kwanta kamar wanda ya kwana uku bai sha ruwa ba, alhali kuwa ƙasar a jiƙe take. Ya ce ya zuba takin zamani sau biyu, ya yi feshi sau uku, abin bai canza ba, har ya fara zargin bakin mutane. Na nemi izninsa na tuge tushe ɗaya, na wanke saiwarsa a hanyar ruwa. Maimakon saiwoyi farare sirara, sai muka ga kumburi a jere kamar 'ya'yan carbi. Na ce masa, "Baba, ga ɓarawonka nan. Tsutsa ce da ido ba ya gani, a cikin saiwar take zaune." Ya jujjuya saiwar a hannunsa, sannan ya ce, "To Malam, wane magani zan sayo in zuba in kashe su duka?"

Wannan tambaya ta dattijo ita ce manoman Amurka da na Turai suka yi tun kafin a haife mu, kuma an ba su amsa da guba mai turara ƙasa. Sun yi shekaru kusan 60 suna amfani da ita kafin duniya ta gane cewa garin neman gira ana shirin rasa ido. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, bai kamata mu bi sawunsu mu maimaita kuskuren da su kansu suka dawo daga rakiyarsa ba. Tsirran da ke kewaye da mu suna ɗauke da sinadarai masu iya rage wannan tsutsa, amma ba za su amfane mu ba sai mun ɗauke su a matsayin sinadarai na haƙiƙa, watau abin da ake aunawa, a gwada, a kuma ji tsoronsa inda ya dace.

Wace ce wannan tsutsa?

Masana kimiyyar halittu suna kiran danginta nematod, kalmar da ta samo asali daga Girkanci, ma'anarta kuwa abu mai kama da zare. Wannan dangi sananne ne a wurinmu. Kurkunu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2013, ɗan wannan gida ne, haka ma doguwar tsutsar ciki mai kama da tana da wadda ke haddasa tundurmi. Wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa da za a raba nematod da ke cikin ƙasa ga mutanen duniya, kowa zai tashi da kimanin biliyan 57. Akasarinsu ba su taɓa amfanin gona. Abincinsu ƙwayoyin bakteriya ne da funfuna, kuma ta wannan hanya suna sakin sinadarin naitirojin da shuka ke bukata. Nau'o'i kimanin 4,100 ne aka sani suna cin tsirrai.

Wadda ta fi addabar mai lambu a ƙasashe masu zafi ita ce tsutsar da ke kumbura saiwa, wadda a kimiyyance ake kira Meloidogyne. Wani limamin coci ɗan Ingila mai suna Miles Berkeley ne ya fara ba da labarinta a 1855, bayan ya gan ta a saiwar kokwamba. Ƙaramar tsutsar da ta fito daga ƙwai ba ta kai rabin milimita ba. Takan yi iyo cikin danshin ƙasa har ta sami bakin saiwa, ta huda ta shiga da wani ɗan tsinke da ke bakinta. Idan ta sami mazauni sai ta tofa wani ruwa da ke sa wasu ƙwayoyin halittar saiwar su girma fiye da ƙima, su zama mata rumbun abinci. Naman da ke kewaye da wurin shi ne ke kumbura, hanyoyin da ruwa ke bi ya hau sama su murɗe. Abin da ya sa ke nan shukar ke yin yaushi ko da tana tsaye cikin ruwa, kuma takin da aka zuba mata ba ya isa ga ganye. Bugu da ƙari, raunin da tsutsar ta yi ƙofa ce ga funfuna da bakteriya masu busar da tumatir.

Mace guda takan yi ƙwai ɗaruruwa, sau da yawa har 500, kuma nau'o'in da ke ƙasashenmu ba su bukatar namiji kafin su hayayyafa. A ƙasa mai ɗumi, cikin mako 3 zuwa 4 ƙwai ya zama uwa. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya lissafa: ko da 50 kawai ke rayuwa daga ƙwan kowace uwa, a haihuwa ta uku tsutsa guda ta zama 125,000, kuma tumatir bai ma gama 'ya'ya ba. Tana cin tumatir da kuɓewa da tattasai da gauta da karas da kankana da wake da dubban tsirrai. Ƙiyasin da masana suka yi na asarar da nematod ke jawo wa noman duniya ya kama daga dala biliyan 80 zuwa fiye da 150 a shekara.

Akwai abu guda da ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai domin kada su ruɗe. Wake da gyaɗa suna da wasu 'yan gudaje a saiwarsu waɗanda bakteriya masu amfani ke zaune ciki. Waɗannan a gefen saiwa suke liƙe, da an murza su da yatsa sai su ɓalle, cikinsu kuma jaja-jaja ne. Kumburin tsutsa kuwa jikin saiwar ne kansa ya kumbura, ba ya ɓallewa sai dai a karya saiwar.

Yadda aka yi da turaren ƙasa

A 1943 wani masani mai suna Walter Carter, da ke binciken abarba a tsibirin Hawayi, ya gano cewa wani ruwa da ake kira D-D, idan aka tsiyaya shi cikin ƙasa, yakan zama tururi ya ratsa ko'ina ya kashe tsutsa, abarba kuma ta yi kyau ƙwarai. Daga nan aka shiga zamanin turara ƙasa. Magunguna irin su EDB da DBCP da metil buromaid suka biyo baya. Akan tura su cikin ƙasa kafin shuka, sau da yawa a rufe da leda, su kashe tsutsa da funfuna da irin ciyawa a lokaci guda. Babu mai musun cewa sun yi aiki. Noman tumatir a jihar Fulorida ta Amurka ya daɗe yana dogaro da su.

Lissafin ya fara fitowa a 1977, lokacin da ma'aikatan wata masana'anta a Kalifoniya da ke harhaɗa DBCP suka lura cewa da yawansu sun daina samun haihuwa. Gwaji ya tabbatar da cewa maganin ne ya lalata musu maniyyi. Amurka ta dakatar da kusan dukkan amfani da shi a 1979, amma dubban ma'aikatan gonakin ayaba a Kosta Rika da Nikaraguwa da Filifin da Kwaddibuwa sun riga sun shaƙe shi, kuma shari'o'in da suka shigar sun ɗauki shekaru masu yawa a kotuna. EDB kuwa an hana zuba shi a ƙasa a Amurka a 1983 bayan an same shi cikin ruwan rijiyoyi.

Laifin metil buromaid a sama ya bayyana. Tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga doron ƙasa akwai iskar ozon, wadda ke tare mana wani haske mai ƙuna da ke fitowa daga rana, wanda ke haddasa sankarar fata da yanar ido. Wani kaso na tururin da aka zuba a gona yakan tsere ya hau can, ya saki buromin, shi kuwa buromin ya fi kulorin ɓarnar ozon sau 40 zuwa 60. Saboda haka a taron Kopanhegan na 1992 aka sanya shi cikin jerin sinadaran da Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta taƙaita. Ƙasashe masu arziki aka ba su wa'adin 2005, masu tasowa irin namu kuma 2015, in ban da turara kayan da za a ƙetare iyaka da su da wasu 'yan lalurori da aka keɓe.

Mai karatu zai iya cewa ai manominmu bai taɓa turara ƙasa ba, me ya shafe shi? Gaskiya ne tsadar abin da kayan aikinsa sun fi ƙarfinsa. Amma ya san ɗan'uwan abin, watau garin kabofuran da aka fi sani da Furadan, wanda akan barbaɗa a gindin shuka da hannu tsirara. Ƙwaya ɗaya tasa tana iya kashe tsuntsu. Tarayyar Turai ta hana shi a 2008, Amurka kuma ta haramta samunsa a kayan abinci a 2009. Tunanin da ya haifi turaren ƙasa, watau a samo guba guda da za ta share kome, shi ne dai ke cikin tambayar dattijon nan. Kuma ko a inda gubar ta yi aiki, takan kashe har da halittun da ke cin tsutsar. 'Yan kaɗan da suka tsira a can ƙarƙashi, ko waɗanda suka shigo da dashe, sai su tarar da fili babu abokin gaba, su yaɗu fiye da da, manomi kuma ya zama dole ya sake sayen magani baɗi.

Makaman da tsirrai suka tanada

Tsiro ba ya iya gudu idan maci ya zo masa, shi ya sa Allah ya hore masa sinadarai na kare kai. Dangin kabeji da mastad suna ajiye wani sinadari mai suna gulukosinolet a wani ɓangare na ƙwayar halittarsu, su ajiye wani mai narkar da shi a wani ɓangaren daban. Muddin ganyen lafiya lau yake, ba su haɗuwa. Da zarar an tauna shi ko an daddatsa, sai su gauraya su haifar da aisotayosayanet, mai yaji da hawa hanci. Abin sha'awa shi ne, wani maganin turara ƙasa na masana'anta da ake kira metam sodiyam, idan ya shiga ƙasa mai danshi, ɗan wannan dangin sinadari yake rikiɗa ya zama. A farkon shekarun 1990 John Kirkegaard da abokan aikinsa a Ostareliya suka raɗa wa wannan dabara suna, suka kuma shimfiɗa ƙa'idojinta: a shuka mastad, idan ya fara fure a daddatse shi ƙanana, a binne nan take cikin ƙasa mai danshi, a danne saman ko a rufe, a jira kimanin mako 2 kafin dashe. Gwanda da zogale 'yan'uwan kabeji ne na nesa. 'Ya'yan gwanda da muke zubarwa suna ɗauke da irin wannan sinadari, shi ne yajin da ake ji idan an tauna su.

Kowane makiyayi ya san cewa gyauron dawa yana kashe dabba. Dalili shi ne wani sinadari da aka gano a 1902 aka kira shi durin, daga sunan dawa a Larabci, wanda ke sakin gubar sayanaid idan aka tauna ɗanyen ganyen. Wannan gubar ce ta sa manoma a ƙasashe da dama suke shuka ciyawar Sudan, 'yar'uwar dawa, su sare ta tana ɗanya su binne domin rage tsutsa. Rogo mai ɗaci ma haka yake. A arewa maso gabashin Barazil an daɗe ana gwada ruwan da ake matsewa daga rogo a kan tsutsar saiwa, irin ruwan nan da masu yin garin kwaki a ƙasarmu ke bari ya kwarara cikin kwata.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina ko bedi, asalinta daga yankin Indiya ne, kuma wajen 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno. A 1959 wani Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kowane ganye ta bar nata. A 1968 aka ware babban sinadarinta, azadiraktin, a wata jami'a a Ingila. Abin da ya fi amfani a kan tsutsar saiwa shi ne tunkuzar 'ya'yanta, watau abin da ya rage bayan an tatse mai. Tunkuzar tana aiki ta hanyoyi da dama: sinadaranta masu ɗaci suna rage ƙyanƙyasar ƙwai da kuzarin ƙananan tsutsotsi, ruɓewarta tana fitar da amoniya wadda ke kashe su, sannan tana ciyar da funfuna da bakteriya masu cin ƙwan tsutsa. Kashin kaji ma ta hanyar amoniya yake taimakawa.

Akwai kuma furen marigol, ɗan rawayan nan mai ƙarfin wari da ake ƙawata harabar makarantu da shi, wanda asalinsa daga Meziko ne. A 1958 masana a Holan suka gano cewa saiwarsa na ɗauke da sinadarin da ke kashe tsutsar da ta shige ta. Tafarnuwa tana da sinadarai masu farar wuta, kuma a Turai an yi rajistar maganin tsutsar ƙasa da aka tatso daga gare ta. Har ƙananan halittun cikin ƙasa sun ba da nasu. Daga wata bakteriya da Satoshi Omura ya samo a ƙasar Japan aka fitar da abamektin, wanda ake shafa wa iri domin kare saiwa, da kuma aibamektin, ƙwayar da ake rabawa kyauta tun 1987 domin yaƙi da makantar da ƙudan rafi ke yaɗawa. Wannan aiki ya sa Omura da William Campbell suka sami lambar Nobel a 2015.

Inda masu suka suke da gaskiya

Wasu abokan aikina suna ɗaukar duk wannan a matsayin tatsuniya, kuma wajibi ne in faɗi inda hujjarsu ta tsaya da ƙafarta. Da farko, babu ko ɗaya cikin abubuwan da na lissafa da ke kashe tsutsa kamar yadda metil buromaid ke yi. Suna ragewa ne, wani lokaci sosai, wani lokaci kaɗan. Ƙarfin sinadarin da ke cikin 'ya'yan darbejiya yakan bambanta daga bishiya zuwa bishiya, daga shekara zuwa shekara, kuma rana da zafi da daɗewar ajiya suna rage shi. Kwalbar masana'anta kuwa abin da aka rubuta a jikinta shi ne a ciki.

Na biyu shi ne yawan abin da ake bukata. Gwaje-gwaje da dama sun yi amfani da tan 1 zuwa 2, ko fiye, na tunkuzar darbejiya a hekta guda. Tara wannan da dakansa da dakonsa aiki ne babba ga mai jaki ɗaya. Na uku, dabarar tana iya juyewa ta cuci mai ita. Yawancin dangin kabeji su kansu abincin tsutsar ne, don haka idan aka bar su suka daɗe a ƙasa mai zafi kafin a binne, sai su ƙara mata yawa. Marigol kuma sai an shuka shi a cike, shi kaɗai, wata 2 zuwa 3 kafin tumatir. Tsirarun furanni a bakin fangali ado ne kawai.

Na huɗu, kuma wanda ya fi damuna, shi ne zaton da mutane ke yi cewa duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Kakanninmu ba su yi wannan kuskure ba. Sun san kwankwani da ake dafa dafin kibiya da shi, sun san majimfa da ake kashe kifi da ita. Sayanaid da ke cikin ruwan rogo bai san bambancin tsutsa da akuya da yaro ba. Tunkuzar zurma tana rage tsutsa, amma tana ɗauke da risin, ɗaya daga cikin gubobi mafi haɗari da aka sani. Ɗanyen kashin kaji ko tunkuza mai yawa sukan ƙone dashe idan ba a jira sun ruɓe ba. Ya kamata kuma a san cewa masana'antu sun fito da sababbin magunguna da ba su turara ƙasa, irin su fuluwensalfon da aka yi wa rajista a Amurka a 2014, waɗanda haɗarinsu ga mutum bai kai na tsofaffin ba. Ga babbar gona mai jari suna da gurbinsu. Sai dai kuɗinsu da samunsu ba su kusa da mai fangali 40.

Abin da nake ganin ya dace

Duk waɗannan soke-soke, idan aka duba su da kyau, suna nuna abu ɗaya ne: rashin awo. Ba mu san gram nawa na tunkuzar darbejiyarmu ke isar ƙasar jigawa ba, ko nawa ke isar ta fadama, ko kwana nawa za a jira a zafin watan Afirilu. Waɗannan tambayoyi ne da gwaji ke amsawa, kuma babu wanda zai zo daga waje ya amsa mana su, domin babu kamfanin da zai ci riba da abin da ke zuba kyauta a gindin bishiya.

Shawarata ta farko ita ce a fara daga wurin renon dashe. A nan ne tsutsa ke kama tumatir tun yana jariri, manomi ya kwashe ta da hannunsa ya rarraba cikin gona. Tan 1 a hekta daidai yake da gram 100 a murabba'in mita guda, saboda haka gadon reno mai murabba'in mita 10 kilo ɗaya kawai yake bukata. Wannan kowa zai iya. Ana iya haɗa shi da dabarar da Jaacov Katan ya bayyana a Isra'ila a 1976: a jiƙa ƙasa, a rufe ta da farar leda mai nuna ciki har mako 4 zuwa 6 a lokacin bazara, zafin saman ƙasar ya haura digiri 45 ya dafa tsutsa da ƙwanta. Rana dai ba mu rasa ta ba.

Ta biyu, a daina tsammanin abu guda zai wadatar, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai irin tumatir mai jure tsutsa, wanda aka samo juriyarsa daga wani tumatirin daji na ƙasar Peru a shekarun 1940, amma juriyar takan karye idan zafin ƙasa ya wuce digiri 28, abin da ke faruwa a lambunanmu daga ƙarshen rani. Dole a haɗa shi da sauya shuka. Wanda ya cire tumatir ya sa kuɓewa ko wake da damina, ya ciyar da tsutsar shekara cur. Hatsi da riɗi sun fi dacewa, kuma shinkafar da ke tsayawa cikin ruwa tana rage ta ƙwarai. Bayan girbi a tuge saiwoyin da suka kumbura a ƙone, kada a bar su cikin ƙasa.

Ta uku ta shafi hukuma. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru da jami'o'inmu suna da masana wannan fanni, kuma an yi rubuce-rubucen neman digiri masu yawa a kan darbejiya da tsutsar saiwa. Abin da ake bukata shi ne a fitar da sakamakon daga kabad, a gwada shi a gonakin manoma a wurare irin su Kadawa da Kura, a mayar da shi ma'aunin da manomi ya sani, watau kwano da gwangwani, a buga da Hausa, a sa a rediyo. Hukumar NAFDAC kuma, wadda ke da alhakin rajistar magungunan ƙwari, ta sa ido a kan masu cika kwalabe da ruwan da ba a san asalinsa ba suna sayarwa da sunan maganin gargajiya.

Aikin da makarantu za su iya yi

Ga malaman kimiyyar halittu da na aikin gona, wannan darasi ne da ba ya bukatar kuɗi. Domin ganin tsutsar, a shimfiɗa takarda mai laushi ta goge hannu a cikin rariya, a zuba ƙasar lambu kofi ɗaya a kai, a ɗora rariyar a faranti, a zuba ruwa a farantin har ya taɓa ƙasar daga ƙarƙashi. Bayan kwana 1 ko 2 tsutsotsin za su ratso takardar su faɗa ruwa. A ɗiga ruwan a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Masu saurin mutsu-mutsu galibi su ne masu amfani, masu cin saiwa kuwa sun fi nawa, kuma da madubi mai kyau ana ganin tsinken bakinsu.

Domin gwada magani, a ɗebo ƙasa daga inda aka ga saiwa ta kumbura, a cuɗa ta sosai, a raba cikin tukwane 16 da awo ɗaya. Huɗu a gauraya su da dakakkun 'ya'yan darbejiya, alal misali gram 10 ga kowane kilo na ƙasa. Huɗu a sa kashin kaji, huɗu a sa niƙaƙƙun 'ya'yan gwanda da wannan awo. Huɗun ƙarshe kada a sa musu kome, kuma su ne mafi muhimmanci, domin da su za a gwada sauran. A jera tukwanen a cakuɗe yadda wani rukuni ba zai fi wani samun rana ba, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida, bayan mako 2 a shuka kuɓewa. Idan ta yi mako 6 a zazzage tukwanen a hankali, a wanke saiwoyin, a ƙirga kumburin kowace shuka, a auna nauyinta, a rubuta. Kada a sa ruwan rogo ko zurma cikin gwajin ɗalibai, kuma kowa ya wanke hannu bayan aiki. Idan sakamako ya nuna cewa wani abu bai yi aiki ba, a rubuta haka, domin shi ma ilmi ne. Makarantu 20 da suka yi wannan gwaji a ƙasa iri-iri, suka aiko da alƙalumansu ga wannan mujalla, za su tara bayanin da manomi zai iya aiki da shi.

Shi kuwa dattijon da na buɗe zance da shi, abin da na gaya masa shi ne tumatirin bana ya riga ya kamu, babu abin da zai warkar da saiwar da ta kumbura. Na ce ya tuge su ya ƙone bayan girbi, ya sa dawa ko riɗi a wurin da damina, ya canza wurin reno, ya kuma sa jikokinsa su tara masa 'ya'yan darbejiya idan sun fara zuba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kwano nawa zan sa a fangali, Malam?" Na ba shi awon da ke cikin littattafai, na kuma roƙe shi ya bar fangali biyu babu kome domin mu kwatanta idan na komo da ɗalibai. Amsar da ta dace da ƙasarsa tana cikin waɗannan fangula, kuma samo ta aikinmu ne, mu da ku. Allah ya sa mu dace.